Saniyar da Aka Bari a Kan Iyaka

Ranar da sojojin Jamus suka shigo birnin Prague, wata mata ta hango ɗan maƙwabciyarta ta ƙauye a cikinsu, rataye da bindiga.

Ko wata shida ba a yi ba da manyan ƙasashe suka miƙa wa shugaban Jamus ƙauyenta, wai don kada a yi yaƙi. Da ƙunshin kaya kawai ta fito, ta bar wa uwar yaron saniyarta mai ciki.

"Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa," in ji maƙwabciyar a lokacin. "Ai shugaban nasu ya rantse daga wannan yankin ya ƙoshi."

Yanzu ga jama'a na tsine wa sojojin, suna tofar da yawu. Ita kuwa ta kutsa har ta kama hannun rigarsa.

"Kai, ɗan nan! Saniyata ta haihu kuwa?"