Rabi Daga Uba

Likitan dabbobi ya miƙa takardar gwajin jinin. "Bijiminka na ɗauke da cutar gado."

"Ƙarya ne!" in ji mai garken. "Dubi tozonsa. Ko tari bai taɓa yi ba. Maruƙan nan huɗu da aka haifa shanyayyu, laifin uwayensu ne. Su zan kai kasuwa."

"Mai ɗauke da ita ba ya ciwo. Kuma saniya ita kaɗai ba ta jawo wannan. Sai uwa ta ba da rabi, uba ya ba da rabi."

Matar mai garken, wadda ke tatsa a gefe, ta ajiye bokiti. Shekara tara ke nan da suka binne ɗansu na biyu, shekara tara mijin yana kiranta mai mugun jini a gaban danginsa.

"Likita, a shanu kaɗai abin yake haka?"

"Har a mutane akwai irinsa."

"Koma kan tatsarki," in ji mijin.

Ba ta koma ba. Ta naɗe hannun riga, ta miƙa wa likitan dantsenta.

"Ɗebi nawa jinin." Ta nuna mijin da haɓa. "In ka gama, ga ɗaya bijimin nan tsaye."