Kujerar Garzali

"Ba ni makullin, Rahina," in ji Ousmane, shugaban ƙungiyar masu tsofaffin motocin tsere. "Al'adarmu ce, motar mamaci ke jan gaba, amininsa kuma ya tuƙa."

Motoci sun jeru a gefen garin Wendover don jerin gwanon tunawa da mijinta Garzali, kowace da hotonsa a gilashi. Jiya Rahina ta fita takaba. Ta jingina da jar motar da ya haɗa da hannunsa.

"Ni zan ja ta."

Ousmane ya yi dariya. "Madam, wannan ba motar kai yara school ba ce. Sau nawa Garzali ya bar ni cikin ƙura da ita? Namiji ma sai ya shirya."

Ta miƙa masa makullin. "Bismillah, shiga."

Yana zama gwiwoyinsa suka daki sitiyari. Ya laluba zai ja kujerar baya, ya ji an yi mata walda. Ya fito yana kallon Rahina. Garzali dai ya fi shi tsawo.

Ta karɓi makullinta, ta ɗora hular kwano a kan hijabi, ta zauna. Kujerar ta yi mata daidai. Injin ya ɗauki ruri.

Ta sauke baƙin gilashin tagar motar kaɗan.

"Allah Ya jiƙansa, a haɗa inji babu kamarsa, amma gudu tsoro yake ba shi. Duk ƙurar da ka sha, Malam Ousmane, tawa ce. Biyo ni a baya, ai ka saba."