Wutar da Baba ya bari a kunne

Kowa a gidanmu cewa yake giyar motar Baba ta lalace, wai don wata 'yar wuta da ke kamawa a gaban sitiyari. Shirme ne. Lafiyarta ƙalau.

Ina shekara tara, wata rana da la'asar a hanyar Zurmi, Baba ya kama babban yatsana ya ɗora kan ɗan maɓallin da ke jikin sandar giya.

"Danna, ɗiyata."

Na danna. Wutar ta mutu, kukan injin ya sauka, gudu kuwa bai ragu ba.

"Kin ji ta huta? Giyar ƙarshe ke nan, ta miƙaƙƙiyar hanya, ba ta cin mai. In akwai lodi ko hawa, sai a sake dannawa a hana ta shiga, wutar ta kama."

A tafiyarsa ta ƙarshe, mutanen da suka gudo daga ƙauye ya kwaso, mota maƙil. Ya dawo, ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Yatsansa ne ya kunna wutar nan, shi ya sa na kasa taɓa maɓallin.

Gobe Baffa zai kawo bakanike ya farke giyar. Kafin su iso zan ɗauki makulli in danna da kaina.