Ranar da Sabitu Ya Zo Biko

Sati uku ke nan da Barakatu ta yi yaji, ta koma gidan gwaggonta Meimuna a Zongon Lome. Kumburin dukan da mijinta ya yi mata ya sauka daga idonta, har ta soma dariya irin ta da. Ranar Juma'a da la'asar, rediyon maƙwabta na ta waƙoƙin jam'iyya, sai ga mijinta Sabitu, direba a tashar jirgin ruwa, ya zo biko da turmin atamfa a hammata.

Suka zauna a zaure. Ya rame, amma kyan nan nasa yana nan. Ta saci kallonsa, zuciyarta ta yi laushi.

"Na tuba, Barakatu," in ji shi a hankali. "Wallahi ba zan ƙara ba."

Ta buɗe baki za ta ce to. Daidai nan ya ɗaga hannu zai gyara hularsa. Kafin ta ankara, ta kare fuskarta da hannu biyu, ta manne da bango.

Shi ma ya gani, ya sunkuyar da kai.

"Na yafe maka, Baban Zuhura," ta ce. "Amma ka ga amsar da jikina ya bayar. Ka aiko min da takardata."

Da ta koma ciki, gwaggo ba ta tambaye ta komai ba, sai ta matsa mata a tabarma. Barakatu ta ɗora 'yarta Zuhura a cinya, ta jawo kwanon shinkafa da wake, ta ci har ta suɗe yatsu.