Mai Bin Sawun Saudat

Saudat na tsakiyar cin ɗanwake a ofis ta ga mutumin ya sake shiga manhajar. Ta ture kwanon gefe.

Ita ta haɗa wa wani kamfanin sabulu a Sharaɗa, cikin Kano, manhajar nan da hannunta. Duk ma'aikacin da ya fita kai kaya yana fitowa a taswira kamar ɗigo, ga sunayen masu shaguna, ga lambobinsu, ga inda suke. Makulli kan makulli ta sa mata, har mai kamfanin, Alhaji Shu'aibu, yake cika baki da ita a gaban baƙi. Nata ɗigon ma yana ciki, don a kanta take fara gwada komai.

To ga wani nan yana shigowa ta tsohon asusun gwajin da ta buɗe tun farkon aikin, wanda kullum take cewa za ta goge, kullum tana mantawa. Asusun yana ganin kowa, shi kuwa ba a ganin inda yake.

Ta bi diddigin abin da yake dubawa. Bai taɓa buɗe sunan mai shago ko ɗaya ba, motocin kaya ma ba ruwansa da su. Ɗigo ɗaya yake dannawa, nata. Da safe in ta hau adaidaita daga Na'ibawa, yana kallo. In an aike ta Bompai ko Challawa, yana biye. Da yamma kuwa ba ya fita daga manhajar sai ta shiga layin gidansu. Kuma abin ya daɗe, ba jiya aka fara ba.

Mutumin ya san ƙofar gidansu, ya san kwanar da take tsayawa ita kaɗai tana jiran abin hawa. Masu satar mutane ai haka suke, sai sun karanci mutum tsaf.

Wa za ta faɗa wa? In Alhaji ya ji sirrin abokan cinikinsa a buɗe yake, a ranar za ta rasa aikinta. A gida kuwa ba fuska. Mahaifinta, Malam Labaran, dama bai so aikin ba, wai me 'ya mace za ta yi a tsakiyar injina da manyan motoci. Tun da ta fara bai taɓa ce mata ya aiki ba, bai taɓa kira ya ji ko ta isa lafiya ba. In ta gaishe shi ya amsa, shi ke nan.

Nan take ta goge asusun. Ta kashe wayarta, ta murza wa ƙofar ofis mukulli, ta zauna tana jin rugugin injina ta bango.

Bayan la'asar mai gadi ya ƙwanƙwasa.

"Malama, wani mutum na bakin get yana nemanki. Na tambayi sunansa, ko saurarona bai yi ba. Wai lallai sai ya gan ki da idonsa."

"Ka ce ba na nan."

"Na faɗa masa. Ya ce nan ne wurin ƙarshe da ya gan ki."

Ta so ta ci gaba da zamanta a kulle. Amma gara ta ga fuskarsa a nan cikin mutane, da ta gamu da shi a kwanar unguwa. Ta fito tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta, ta laɓe a bayan mai gadi, ta leƙa ta ƙaramar ƙofa.

Mutumin ba hula a kansa, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. A hannunsa akwai tsohuwar wayar da ta yi gwajin farko da ita, wadda ta bar wa mutanen gida da ta sayi sabuwa, ba ta goge komai a ciki ba. Ya ɗago mata ita.

"Saudatu," in ji Malam Labaran, "tun azahar na daina ganinki."