Wanda Ya Kai Shinkafa Kogo

Kujerar gaba aka sake ajiye wa Anacleto. Zeferino ya hango ta tun daga bakin harabar coci, an lulluɓe ta da sabon saƙi mai ja da baƙi, shi kuwa benci ne rabonsa, can baya inda ake ɗaure dawakai. Ya ja dogon tsaki.

Shekara ashirin da huɗu ke nan yana haɗiyar wannan abu. Lokacin da sojojin mamaya suka kewaye dutsen da ke bayan ƙauyensu, samarin ƙauyen goma sha tara suna ɓoye a kogo da bindigoginsu, yunwa na neman gamawa da su. Mutum ɗaya ya saɓa buhun shinkafa ya ratsa tsakanin sojoji ya kai musu. Bayan kwana biyu aka auka wa kogon, ko ɗaya bai tsira ba. Anacleto ne ya hau ya binne su, yana saukowa ya shaida wa kowa shi ya kai shinkafar.

Ƙarya ce. Zeferino ne ya kai, ƙaninsa ciki ɗaya, kafaɗarsa ta hagu ma har yau tana tuna masa in damina ta kankama.

A lokacin dai bai musa ba, don sojoji sun kama Anacleto, suka zare masa farata, suka jefa shi tsibiri shekara uku. Wa zai yi rububin wannan? Sai da aka samu 'yanci abin ya fara ci masa rai. Anacleto aka rataya wa lambar yabo. Sunansa yara ke rerawa a makaranta. In an yanka bauna, shi ake fara miƙa wa hanta. Hatta haƙoransa haushi suke ba Zeferino, farare tas, wai shi ba ya tauna bua, goron nan mai rina baki da yawu ja, kamar sauran maza, sai ka ce limamin coci.

Yau hukumar bin gaskiya ce ta zo daga Dili, babban birni. Iyalan mamatan sun cika benci cikin baƙaƙen kaya, tambayarsu ɗaya ce tun tuni: wa ya sayar da kogon?

Zeferino ya ɓare goron bua, ya naɗe da ganye da ɗan farar ƙasa ya cusa a kunci. Matarsa Ermelinda ta harare shi.

"Ko a gaban baƙi? Bakin nan naka tun kana saurayi bai san hutu ba."

Bai kula ta ba. Ya tari wansa a gindin bishiya.

"Yaya, yau zan yi magana."

Anacleto ya ce, "Zefe, ka bar abin yadda yake. Ya fi maka."

"Ya fi maka dai! Kai ka ci hanta, ni in ci gaba da lasar yatsa ko?"

Lauyar hukumar, wata siririyar mata mai suna Perpetua, ta buɗe zama. Ta ce wani ɗan ƙasa da sojoji suka tilasta wa yi musu dako ya ba da shaida a rubuce kafin ya rasu, amma kafin ta karanta tana son a tabbatar mata da wanda ya hau dutsen da shinkafa.

Anacleto ya miƙe. "Ni ne."

"Ƙarya kake!"

Zeferino ya tsallake benci biyu ya fito fili. Ya faɗi hanyar da ya bi, ta cikin gonar kofi har zuwa fararen duwatsu. Ya buɗe kafaɗa ya nuna tabon igiya. Da ya ga ana ƙus-ƙus, sai ya nuna tsohuwa Joaninha, wadda ta auna shinkafar.

"Inna, don girman Allah, hannun wa kika ɗora wa buhun nan?"

Tsohuwar ta dubi Anacleto, hawaye suka zubo mata. "Nasa ne," ta ce, tana nuna Zeferino. "Wansa ne ya sa na rantse ba zan faɗa ba."

Wuri ya kaure. Wasu suka tafa, wasu suka fara yi wa Anacleto kallon ɓarawo. Shugaban ƙauye da kansa ya kamo hannun Zeferino ya zaunar da shi a kujerar gaba. Kai, daɗin da ya ji! Saƙin ya yi masa laushi a baya, ya waiga yana neman idon Ermelinda, yana washe baki har kunne.

Anacleto bai kare kansa ba. Wajen teburin lauyar ya nufa, ya ɗora hannunsa marar farata a kan takardar.

"Ranki ya daɗe, na roƙe ki, kada ki karanta. Ni na hau na binne su, na ga abin da ke kan hanyar. Na ɗauki wannan nauyin shekara ashirin da huɗu, zan iya ƙarasawa da shi."

Perpetua ta dubi iyayen da suka tsufa suna jira, ta zare takardar a hankali, ta karanta:

"Babu wanda ya sayar da kogon. Mai kai musu abinci yana tafe yana tauna bua, jan yawunsa muka bi a kan fararen duwatsu, tofi bayan tofi, har bakin kogon."