Ruwan Wankan Jego

Tun da na'urar hasashen makamashi ta nuna barin itace zai rage zafin duniya, aka haramta murhu, aka yanka wa kowane gida lantarki daidai tuwo da miya. Ɗanlami ne ya shigar mata da bayanan unguwarsu. Da ya zo kan ruwan zafin masu jego, ya ga bai taka kara ya karya ba, ya tsallake.

Ran nan ya je wa ƙanwarsa Barira barkar haihuwa. A bayan ɗaki ya tarar da mahaifiyarsu durƙushe tana hura wuta, ta kare da tabarma kada maƙwabta su gani.

"Inna, ina kika samo itace?"

"Lantarkin ya ɗauke, ruwa ko ɗumi bai yi ba. In yi wa mai jego wanka da ruwan sanyi? Allah ya isa tsakanina da wanda ya tsara wannan, kamar ba mace ta haife shi ba!"

Ɗanlami ya dubi wutar. Kujerar marigayi babansu ce take ci.

"Ban ji ka ce amin ba."

Ya sunkuyar da kai. "Amin, Inna."